Zauna ko Fito

Mahjar, Jidda
7 ga Disamba

Zuwa ga matata Nafissa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da 'yarmu Afnan da Inna. Yaya gwiwar Inna, ciwon ya lafa? Yaya mutanen Damagaram? Ni nan lafiya lau, aiki sai godiya. Iƙamata ma, wato takardar izinin zamana a ƙasar nan, an sabunta ta makon jiya, sai ki kwantar da hankalinki ta wannan ɓangaren.

Na zaɓi in rubuta a takarda in ɗauki hotonta in turo miki, don na san in a waya ne ba za ki bari in kai ƙarshen magana ba. Shatin nan da kika gani a kafaɗata ranar da muka yi kiran bidiyo, na ce miki kwali ne ya faɗo mini a sito. Ba kwali ba ne. Mutum ne, kuma ya fi kwali nauyi. Ki yafe mini ƙaryar.

Wata huɗu ke nan ina wasan ƙwallo ran Juma'a bayan la'asar. Akwai wani a siton da nake aiki a unguwar masana'antu ta Jidda, sunansa Muath, shi ke tuƙa motar ɗaga kaya. A nan aka haife shi, a nan aka haifi ubansa, kakanninsu ne suka zo hajji daga ƙasar Katsina ba su koma ba. In ka yi masa Hausa yana ji sarai, amma in zai mayar sai ya fara da Hausa ya ƙarasa da Larabci. Wata safiya motar ma'aikata ta tashi ta bar ni, na bi ta a guje da kwanon abincina a hannu har na cim mata a kwana. Yana ciki yana kallo ta taga. Ina zama ya ce mini wannan ƙafa tawa asararta ake yi a sito, in zo filinsu ran Juma'a.

Ƙwallon ba irin tamu ta ƙafa ba ce, wasan Amurkawa ne. Doguwa ce kamar gwanda, rungumar ta ake yi a ruga da ita, abokan hamayya kuma su yi ƙoƙarin kayar da kai. Kowace ƙungiya tana da gidanta a ƙarshen fili, bayan wani farin layi, in kun shigar da ƙwallo gidan waɗancan kun ci. Muna sa hular kwano da sulken roba a kafaɗa, in kika gan ni a ciki sai kin tambaya waye. Ba sana'a ba ce, sha'awa ce kawai. Cikinmu akwai ɗalibai, akwai ma'aikacin asibiti, har da mai gyaran na'urar sanyi. Mai horar da mu Kabtin Hashim ne, malamin motsa jiki a wata makaranta, wanda ya koyo wasan lokacin da yake karatu a waje.

Aikina ɗaya ne. A farkon wasa, da duk lokacin da aka ci mu, abokan hamayya sukan doka ƙwallon sama zuwa gidanmu, su goma sha ɗaya su biyo ta a guje. Mu biyu ke tsayawa can baya, ni da Muath, ni ke cafewa. In na cafe a cikin gida, zaɓi biyu gare ni. Ko in kai gwiwa ɗaya ƙasa, alƙali ya busa, ba mai taɓa ni, a ajiye mana ƙwallo a yadi ashirin da biyar mu fara daga nan. Ko in fito da gudu. In Allah ya buɗa hanya in wuce ashirin da biyar ɗin nesa, in kuwa bai buɗa ba a kayar da ni tun ban kai ko'ina ba, in jawo wa ƙungiya asara.

Wuyar abin ita ce mai cafewa makaho ne. Idona yana sama kan ƙwallo, ba na ganin masu zuwa, ƙarar ƙafafunsu kawai nake ji. Muath ne ke kallonsu. In akwai hanya ya ce yalla, wato mu je da Larabci, in babu ya ce la, wato a'a. Wasa uku muka buga, bai taɓa jefa ni rami ba. Shatin ma a wurin atisaye na samo shi.

Nafissa, kwana shida a mako daga ɗaki sai sito, daga sito sai ɗaki. Ran Juma'a ne kawai nake jin mutane suna kiran sunana don wani abu da na iya. In kin ce in bari zan saurare ki, amma ba zan ɓoye miki ba, raina ba ya son bari.

Ki gaida Inna, ki sumbaci Afnan a goshi. Ki huta lafiya.

Naki,
Isha'aku


Mahjar, Jidda
21 ga Disamba

Nafissa tawa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da Afnan, da fatan kun tashi lafiya. Amsarki ta iso, na karanta ta sau uku. Kin ce ba ki hana ni ba, sharaɗinki ɗaya ne, kada in sake ɓoye miki komai, mai daɗi ko marar daɗi. To ga marar daɗin, tun tawadar alƙawarin ba ta bushe ba.

Jikina lafiya yake, ki fara sanin wannan. Jiya muka buga da wata ƙungiya da ta zo daga Riyad, wadda abokaina suka shekara uku suna neman cin ta. Har saura minti uku a tashi muna gaba. Sai suka ci, tazarar ta koma maki ɗaya tak. Kafin su doko ƙwallon, Kabtin Hashim ya riƙe hulata ya ce kada a yi kasada, in ba hanya a fili in durƙusa, sauran aikin na 'yan'uwana ne, za su riƙe ƙwallo har lokaci ya ƙare.

Aka doko ta. Ta yi sama sosai, iskar teku kuma tana ta wasa da ita, na ja baya har tsakiyar gida kafin ta faɗo hannuna. 'Yan kallo sun fi na kullum yawa, wani ma ya zo da ganga. Cikin wannan hayaniya na ji muryar Muath, kuma abin da ya shiga kunnena shi ne yalla, yalla. Na fito. Ban yi taku goma ba mutum biyu suka haɗu a kaina, ɗaya ya sa kafaɗa daidai kan ƙwallon, ta suɓuce ta yi nata wuri. Su suka ɗauke ta, dab da gidanmu. Suka buga ta tsakanin sandunan da ke ƙarshen gidanmu suka sami maki uku, aka tashi sun fi mu da biyu.

Ba cin da aka yi mana ne ya fi ƙona mini rai ba. Da muka taru a gefen fili, Kabtin ya tambayi Muath me ya ce. Muath ya ce la ya ce, har sau biyu, la, la. Kabtin ya juyo gare ni a gaban mutum talatin ya ce wanda ba zai ji maganar idonsa ba bai kamata ya tsaya a baya ba. Na ce wallahi yalla na ji. Muath ya ce shi bai taɓa faɗin yalla ba, in tambayi kowa. Na ce masa ya ji tsoron Allah. Ya cire hularsa ya buga ta da ƙasa, ya yi ta zuba Larabci da sauri, rabi ban kama ba, amma na kama inda ya ce shi ba ya ƙarya don ya kare kansa. Ba wanda ya tsaya mini. Su duka da Larabci suka tashi, ni kaɗai ne baƙon kunne a wurin, kowa kuma ya ga ya fi sauƙi a ce baƙo ne bai ji daidai ba.

Kullum in an tashi daga fili Muath ke sauke ni da motarsa. Jiya haya na shiga. Yau a sito ya zo da motar ɗaga kaya ya ajiye mini kaya a gabana, ya juya ba tare da sallama ba, ni ma ban yi masa ba. Kabtin ya turo saƙo cewa wasa mai zuwa wani ne zai tsaya a wurina.

Ina jin zan mayar musu da hularsu da sulkensu in huta. Ba don wasa na bar gida ba. Amma kin ce in riƙa faɗa miki komai, to gaskiya yau abincin rana bai shiga ba, don a benci ɗaya muka saba ci da shi.

Ki yi mini addu'a. Kada ki faɗa wa Inna, za ta ɗauka faɗa na yi da 'yan ƙasa.

Mijinki,
Isha'aku


Mahjar, Jidda
11 ga Janairu

Zuwa ga Nafissa, sanyin idona,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, da Inna da Afnan da duk maƙwabta. Na ji daɗin jin cewa Inna ta fara zuwa masallacin Juma'a da ƙafarta, Allah ya ƙara sauƙi.

Tambayar da kika yi mini a wasiƙarki ta sa na yi fushi da ke kwana biyu, shi ya sa kika ji ni shiru. Kin ce, yalla na ji, ko yalla nake son ji? Da fushin ya sauka na zauna na tuna abin a tsanake. Nafissa, tun ƙwallon tana sama na riga na ga kaina ina gudu, na riga na ji gangar nan tana kiran sunana. Ban yi ƙarya ba da na ce yalla na ji. Amma kunnen da ya ji ta ya riga ya shirya mata.

Ban mayar da hular ba, ban kuma je fili ba Juma'a biyu. Jiya bayan sallar Juma'a aka buga mini ƙofa, na buɗe sai ga Muath. Bai shigo ba. Ya ce kakarsa ce ta aiko shi, ta ce kada ya dawo mata gida sai da ni. Muka tafi gidansu a unguwar Bani Malik a motarsa.

Kakar tasa, Hajiya Luba, ta kai shekara tamanin. Hausarta irin ta mutanen dā ce, har da kalmomin da rabona da jin su tun kakata tana raye. Ta sa aka kawo mana shinkafa da kifi, ta ce ba za a yi shari'a da yunwa ba. Da muka ci, Muath ya fito da wayarsa. Ashe wani cikin 'yan kallo ya ɗauki bidiyon wasan, kuma tun mako biyu yana wurinsa, kunya ce ta hana shi nuna mini. Muka kalla tare, kanmu a haɗe.

La ya ce, wannan gaskiyarsa ce. Amma bai faɗa ba sai da ƙwallo ta riga ta shiga hannuna, ga robar kare haƙora a bakinsa, ga shi ya ba ni baya. Ni kuma ƙafata ta dama ta riga ta ɗaga kafin ya buɗe baki. Ya ajiye wayar ya ce mini, rabi Hausa rabi Larabci, cewa ya ga wata 'yar hanya ta hagu, ya tsaya yana auna ta, kafin ya yanke ta rufe. Ya san ya makara tun a fili, amma da Kabtin ya tambaye shi me ya ce, ya ga tambayar ta ba shi mafita, don ba a tambaye shi yaushe ya ce ba. Ni ma na faɗa masa abin da na faɗa miki a sama. Ban taɓa sanin cewa amsa laifi yana da sauƙi haka ba in ɗayan ya riga ka farawa.

Hajiya tana gefe tana jan carbi. Ta sa muka maimaita mata kalmomin biyu, ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Ku biyu jinin Hausa, kun rasa abin da za ku yi faɗa a kai sai la da yalla? Ko ni da nake zaune kusa da ku ban bambance su ba. Ba ku da harshen gida ne?" Na ce to a ce durƙusa. Muath ya gwada, ƙ ɗin ya maƙale masa a maƙogwaro irin na Larabawa, ta ce a'a, kafin ya gama faɗin wannan an kayar da ni. Ita ta zaɓa mana: zauna, da fito. Ta sa shi ya je ƙarshen falo ya ba mu baya ya yi ta faɗi da ƙarfi, har maƙwabciya ta leƙo ta ga ko lafiya.

A hanyar dawowa muka ƙulla sauran. Zai yi magana tun ƙwallo ba ta fara saukowa ba, zai juyo da fuskarsa wajena, kuma abin da ya fita ya fita, ba canzawa. In ban ji komai ba, zauna ke nan. Ni kuma ƙafata ba za ta motsa ba sai na ji. In ya ce fito aka kayar da ni, ba zan kalle shi ba. In ya ce zauna alhali akwai hanya, ba zan yi masa gori ba.

Daga can muka wuce fili tare. Kafin a fara atisaye Muath ya nemi Kabtin ya tara mutane, ya faɗi nasa a gabansu, ni ma na faɗi nawa. Kabtin Hashim ya ce to shi ma da nasa, don shi ya koya mana kalmomin, kuma ya yanke hukunci da zafin rashin nasara. Ya ce halas, an rufe, in je in sa hula.

Yau mun ci abincin rana a benci ɗaya. Ya cinye mini rabin yajin da kika aiko, sai ki san yadda za ki yi.

Ina kewarki ƙwarai.

Naki har kullum,
Isha'aku


Mahjar, Jidda
8 ga Fabrairu

Matata Nafissa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai tarin yawa gare ki, da Inna, da Afnan. Da fatan kowa lafiya. Kafilina, wato ubangidana na wurin aiki, ya sa hannu a takardar hutuna, in Allah ya so kafin salla ina gida. Wannan shi ne babban labari, amma na san za ki tambayi ɗayan, to ga shi.

Jiya muka buga wasan ƙarshe na bana, da wata ƙungiya daga Yanbu. Yanzu duk ƙungiyarmu ta iya kalmomin nan biyu. Har ma'aikacin asibitin, wanda bai san ko sannu ba da Hausa, in ya ga wani ya tsaya yana surutu sai ya ce masa zauna.

A bugun farko Muath ya ce fito. Ban duba ba na fito, ya tare mini mutumin farko, na bi ta bayansa, ban faɗi ba sai da na wuce tsakiyar fili. A na biyu ya ce zauna. Da na kai gwiwa ƙasa na ɗaga kai sai na ga kamar da hanya, raina ya ɗan sosu, amma na miƙa wa alƙali ƙwallo na yi shiru kamar yadda muka yi alƙawari.

Can wajen ƙarshe suka ci, muka rage muna gaba da maki huɗu, lokaci kuma saura kaɗan. Mai buga musu ƙwallo ya gane ni, ba ya son ya sake ba ni. Sai ya karkata ya doka ta ɓangaren Muath. Dokar Kabtin ita ce in ta yi nisa da ni, wanda ta nufa shi ke cafewa, ɗayan ya zama ido. Mun sha yi a atisaye, amma ba a taɓa yi mana a wasa ba.

Nafissa, sai jiya na san abin da Muath yake ɗauka. Na juya na gan shi ya ɗaga kai sama, wuyansa a buɗe, hannuwansa a shimfiɗe, bai san komai ba a duniya sai ƙwallon nan da muryata. Na juya gaba na ga mutum goma sha ɗaya suna tahowa. Duk abin bai fi ƙiftawar ido huɗu ba. Kuma ga hanya, na gan ta sarai, tsakanin mutum na uku da na huɗu daga dama, wadda da ni ke riƙe da ƙwallo da ba abin da zai hana ni shiga. Na san shekara huɗu Muath yana tsaye a wurin nan yana tare wa wasu, bai taɓa gudu da ƙwallo a wasa ba ko sau ɗaya. Bakina ya riga ya haɗa fito. Sai na tuna ba ni zan yi gudun ba. Muath ƙaƙƙarfa ne, in ya tare mutum ya taru, amma kafin ya kai bakin hanyar nan da ta rufe a kansa.

Na juyo da fuskata wajensa na ce zauna, da duk ƙarfin da Allah ya ba ni. Ya cafe, ya kai gwiwa ƙasa, bai ko leƙa gaba ba. Alƙali ya busa, masu gudu suka wuce ta gefensa kamar iska. 'Yan'uwanmu suka karɓi ƙwallo daga yadi ashirin da biyar, suka yi ta tura ta kaɗan-kaɗan har lokaci ya cika. Muka ci.

Da aka gama murna muna cire sulke, ya zo ya zauna kusa da ni. Ya ce ya ji wasu a gefe suna cewa akwai hanya, in faɗa masa tsakani da Allah, akwai? Na yi niyyar in ce babu don kada in ɓata masa rai, amma na fasa. Na ce akwai, sai dai hanyar ƙafata ce, ba ta tasa ba. Ya dube ni ya daɗe, har na fara tunanin na sake ɓallo wata rigimar. Sai ya fashe da dariya, ya kama wuyana ya girgiza, ya ce da Hausa tsantsa, ba ko kalmar Larabci ɗaya, "Da ka ce fito, wallahi da na fito."

Na ce na sani, shi ya sa ban ce ba.

Ki fara shirya mini jerin abin da kuke so in taho da shi, kada ki bari sai ana gobe tafiya. Muath ya ce shi zai kai ni filin jirgi. Ki gaida Inna da kyau, ki ce wa Afnan babanta yana tafe. Allah ya sada mu da alheri.

Naki mai ƙaunarki,
Isha'aku